Me ya sa kowane yanki ya fito da nasa nau'in korona?

Habibu:
Assalamu alaikum malamai. Ina da tambaya da nake so masana cikinmu su warware mana dalla-dalla. An ce nau'in Alfa a Ingila ya ɓulla, Beta a Afirka ta Kudu, Gama a Barazil, Delta a Indiya, Omikron kuma a kudancin Afirka. To shin akwai wani abu ne a waɗannan wurare, zafi ko sanyi ko jinin mutanen, da ke sa ƙwayar korona ta rikiɗa a can? Ko kuwa can ne kawai aka fara ganinsu? Sannan idan kullum ƙwayar tana sauyawa, me ya sa nau'o'i ƙalilan ne suka addabi duniya?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Habibu. Bari in fara daga tushe, don a kansa sauran bayanin zai hau.

Kundin gadon ƙwayar korona, wato SARS-CoV-2, zare ɗaya ne na RNA, rubutun da ke ɗauke da umarnin gina ƙwayar. Wanda aka karanta daga wani majinyaci a Wuhan, aka fara fitar wa duniya a Janairun 2020, haruffansa 29,903 ne, kuma har yau da shi ake gwada kowane sabon samfuri. Haruffan iri huɗu ne: A, C, G da U. In ƙwayar ta shiga tantanin jikin mutum sai ta yi ta kwafar wannan rubutu da wani furotin nata mai suna nsp12. Mai kwafin yana kuskure. Amma dangin korona suna da abin da ƙwayar infuluwenza ba ta da shi, wato furotin nsp14, wanda ke bin bayan mai kwafin yana cire harafin da aka sa ba daidai ba. Da shi ta iya riƙe kundi mai tsawo haka bai lalace ba, kuma shi ya rage mata saurin sauyawa. In ka bi zuriya ɗaya daga mutum zuwa mutum, abin da ke taruwa kamar sauyi biyu ne a wata.

Wani ɓangare na sauyin ma jikinmu ne ke jawo shi. Muna da enzayim masu suna APOBEC da ke mai da C ya koma U a jikin RNA, shi ya sa wannan sauyi ya fi kowane yawa a kundin ƙwayar.

Mafi yawan sauye-sauyen ba sa ƙara wa ƙwayar komai, wasu ma kashe ta suke. Waɗanda ake sa wa ido su ne na ƙayar da ke samanta, wadda take maƙale wa ACE2, wani furotin da ke bangon tantaninmu, da ita ta shiga tantani. Amino asid, wato tubalan ginin furotin, 1,273 ne a jere suka yi ƙayar. In ka ga an rubuta D614G, ana nufin a gurbi na 614, amino asid mai alamar G ya maye gurbin mai alamar D. Wannan shi ne sauyi na farko da ya cinye duniya. A farkon 2020 ya bayyana, kafin tsakiyar shekarar kusan duk samfurin da aka karanta yana ɗauke da shi.

Isiyaku:
Allah ya ƙara ilimi Dakta. Ni zan ɗauki tambaya ta ƙarshe, domin a nan aka fi ruɗewa. Yawaitar nau'i a wani wuri ba hujja ba ce cewa ya fi sauran ƙarfi.

Dalili na farko, ƙofar da ƙwayar ke bi daga mutum zuwa mutum matsatsiya ce ƙwarai. Majinyaci na ɗauke da biliyoyin ƙwayoyi, amma waɗanda ke kafa cuta a jikin wanda ya shafa wa, bisa binciken da aka yi, ba su cika wuce goma ba, sau da yawa ɗaya ce ko biyu. Don haka sauyi mai amfani ga ƙwayar kan bayyana a jikin mutum ya mutu tare da warkewarsa, bai samu fita ba. Na biyu, yaɗuwar korona ba daidai-wa-daida take ba: mutane kaɗan ne ke shafa wa da yawa, da yawa kuma ba sa shafa wa kowa. Nau'in da ya yi sa'ar faɗawa taron jama'a sai ya yi yawa ba da ƙoƙarinsa ba.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne 20E, wanda ake ce wa EU1, mai sauyin A222V. A Sifaniya ya taso a tsakiyar 2020, masu zuwa hutu suka kwashe shi zuwa gida, kafin ƙarshen shekara ya zama mafi rinjaye a ƙasashen Turai da dama. Da masaniya Emma Hodcroft da abokan aikinta suka bi diddigi, ba su sami shaidar cewa ya fi sauran saurin yaɗuwa ba. Jiragen sama ne suka yi masa aikin.

Ga yadda ake bambancewa. A kowane mako ka ɗauki adadin samfuran sabon nau'in ka raba da adadin na sauran. In yana da fifiko na gaske, wannan rabo zai riƙa ninkuwa da ma'auni kusan ɗaya mako bayan mako, kuma zai yi haka a garuruwa da ƙasashen da ba su da alaƙa da juna. A ce rabon na ninkuwa biyu duk mako: nau'in da ke kashi 1 cikin 100 yau zai kai rabi cikin mako bakwai. In ya hau a gari ɗaya amma ya tsaya cak a wasu biyar, to sa'a ce ko wani taro.

Habibu:
Na gane wannan Malam Isiyaku. To batun yanayi da jinin mutane fa?

Dakta Rabi:
Ƙwayar da kanta ta ba da amsa. Duba abin da ya faru a ƙarshen 2020. Alfa, wanda samfurinsa na farko ya fito daga Kent ta Ingila ranar 20 ga Satumba, yana da N501Y. Beta, wanda ya taso a yankin Nelson Mandela Bay na Gabashin Cape, yana da N501Y, E484K da K417N. Gama na birnin Manaus a Barazil yana da N501Y, E484K da K417T. Nahiya uku, yanayi uku, jama'a daban-daban, zuriyoyin kuma ba ɗaya ta haifi ɗaya ba, amma duk suka doshi gurbi iri ɗaya. Eta, wanda aka gano a Najeriya da Birtaniya a Disambar 2020, shi ma da nasa E484K ya zo.

Da yanayi ne ke zaɓa, da kowane yanki ya fito da sauyi daban. Abin da ke zaɓa iri ɗaya ne ko'ina: ACE2 na ɗan Adam da garkuwar jikinsa. N501Y na ƙara ƙarfin riƙon ACE2. E484K na juya cajin lantarkin wannan gurbi, sai sinadaran garkuwa da dama su kasa kama wurin. Gurbi na 681 kuwa yana daf da inda furin, wani enzayim na jikinmu, ke yanka ƙayar don ta shirya shiga tantani. Alfa ya sa H a wurin, Delta ya sa R, kuma P681R na cikin abin da ya ba Delta sauri.

Manaus darasi ce. Binciken jinin masu ba da gudummawa ya ƙiyasta cewa kashi 76 cikin 100 na mutanen birnin sun kamu zuwa Oktobar 2020, amma a Janairun 2021 Gama ya cika asibitoci har iskar oksijin ta ƙare.

Isiyaku:
Dakta, a yi hattara da wannan 76 ɗin. An yi ta jayayya a kansa, domin masu ba da jini ba su wakiltar dukan jama'ar gari, kuma lissafin ya dogara da gyaran da aka yi na raguwar sinadaran garkuwa a jini. Abin da ba a musu a kai shi ne mutane da yawa sun kamu a zagaye na farko, kuma Gama ya haɗa abu biyu, saurin yaɗuwa da iya sake kama wasu da suka warke.

Dakta Rabi:
Gyara ya karɓu.

Malama Zulai:
Ina so in ƙara abin da masu ɗakin gwaji suka sani sarai: inda aka fara ganin nau'i, inda ake dubawa ne. A ƙarshen 2020 haɗakar ɗakunan gwaji ta Birtaniya mai suna COG-UK ce ta karanta kusan rabin dukan kundayen korona da ke hannun duniya. Ga kuma wata sa'a. Gwajin PCR na TaqPath, wanda manyan ɗakunan gwajinsu ke amfani da shi a lokacin, wuri uku yake nema a kundin ƙwayar. Alfa ya zubar da amino asid na 69 da 70 a ƙayarsa, daidai inda gwajin ke kamawa, sai wuri biyu su nuna, na ƙayar ya yi shiru. Da wannan shirun aka riƙa ƙirga Alfa kullum ba sai an karanta kundinsa ba. Gama kuwa hukumomin Japan ne suka fara sanar da shi a Janairun 2021, daga matafiyan da suka sauka Tokyo daga Barazil.

Omikron ya fi ban takaici. Masana a Botswana da Afirka ta Kudu, irin su Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, su suka gano shi suka faɗa wa duniya ba ɓata lokaci. An kai rahoto ga Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwambar 2021, ta ba shi suna ranar 26. Sakayyar da aka yi musu ita ce rufe musu hanyar jirage. Birtaniya ta sa har Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shigowa daga 6 ga Disamba, ta soke jerin ranar 15 da ta ga nau'in ya riga ya bazu a cikinta. Holan ma ta gano shi a samfuran da aka ɗauka ranakun 19 da 23 ga Nuwamba, kafin sanarwar. In ana hukunta mai faɗin gaskiya haka, gobe wa zai yi saurin faɗa?

Habibu:
Malama, to ke nan asalin nau'o'in ba a san shi ba gaba ɗaya? Kamar hakan ya yi yawa. Beta dai a Afirka ta Kudu ya yi ɓarna kafin ko'ina.

Isiyaku:
Gaskiyarka Malam Habibu, kada mu wuce gona da iri. Ana iya kusantar asali da bishiyar zuriya, wato zanen da ke nuna wane samfuri ya fito daga wane. Inda nau'i ya fi daɗewa, nan za ka tarar da rassansa mafi tsufa da mafi yawan bambanci, sauran ƙasashe kuma rassansu sun fito ne daga cikin waɗannan. Da wannan hanya, Beta daga Gabashin Cape, Gama daga yankin Amazon, Delta daga Indiya, duk suna da hujja mai ƙarfi.

Yanki yana da tasiri, amma ba ta hanyar da ka zata da farko ba. Yawan masu kamuwa shi ne yawan damar da ƙwayar ke samu. Sai tarihin garkuwar jama'ar wurin, wato wane nau'i suka taɓa gani, wace allura aka yi musu. Sai kuma hanyoyin tafiya. Lamda ya mamaye Peru, Mu ya mamaye Kolombiya, A.23.1 ya yi ƙarfi a Yuganda, Eta ya yi tashe a Afirka ta Yamma, amma duk sun tsaya a yankunansu har Delta ya zo a 2021 ya share su. Beta da kansa ya fi Delta iya kauce wa garkuwa, har Afirka ta Kudu ta dakatar da fara allurar AstraZeneca a Fabrairun 2021 saboda shi, amma Delta ya fi shi gudu, kuma a lokacin masu garkuwa ba su yi yawa a duniya ba, don haka gudun ne ya ci.

Dakta Bashir:
Salam. Akwai inda lissafin Dakta Rabi na sauyi biyu a wata bai kai ba. Alfa ya zo da sauyi 23 lokaci guda, takwas a ƙaya. Omikron ya zo da fiye da 30 a ƙaya kaɗai, kusan 15 a ɓangaren da ke riƙe ACE2, kuma danginsa mafi kusa a bishiya na tsakiyar 2020 ne. Fiye da shekara ɗaya ba a ga kakanninsa ba. Ina ya ɓuya?

Ni ina ganin ba a ba dabbobi muhimmancin da ya kamata ba. A Denmak ƙwayar ta shiga gonakin mink, dabbar da ake kiwo don gashinta, ta samo Y453F, ta dawo jikin mutane, har gwamnati ta ba da umarnin kashe kimanin miliyan 17 a Nuwambar 2020. A Amurka ta bazu cikin barewa mai farin wutsiya, a Ontario ta Kanada kuma an samu wata zuriya a jikin barewar mai sauyi fiye da 70. Sannan wasu sauye-sauyen Omikron, a gurbi na 493, 498 da 501, su ne ake gani in aka saba wa ƙwayar da jikin ɓera a ɗakin gwaji.

Dakta Rabi:
Dakta Bashir, ba zan kore dabbobi ba, amma na fi karkata ga doguwar jinya a jikin mai raunin garkuwa, kuma ga dalilina.

A jikin mai lafiya ƙwayar kwana goma zuwa mako biyu take yi, sai ta sake bin matsatsiyar ƙofar da Malam Isiyaku ya faɗa. A jikin wanda ake yi wa maganin kansar jini, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai HIV da ba a shawo kanta ba, tana iya yin watanni. Babu ƙofa, akwai yawa, ga kuma garkuwa rabi da rabi, wadda ba ta isa ta kashe ba amma ta isa ta tace. An rubuta wannan a aikace. A Cambridge an bi wani majinyaci fiye da kwana 100, aka ga bayan an ƙara masa ruwan jinin waɗanda suka warke, ƙwayoyi masu D796H da zubar 69 da 70 sun hau sama, wato irin zubar da ke jikin Alfa. A Afirka ta Kudu an bi wata mai HIV kwana 216, ƙwayar jikinta ta tara sauyi a gurbi na 417, 484 da 501. A Holan an ba da rahoton wanda ya kai kwana 613.

Sannan sauye-sauyen Omikron sun taru ne daidai wuraren da sinadaran garkuwar ɗan Adam ke kamawa. Ɓera ba zai koya wa ƙwaya guje wa garkuwarmu da wannan daidaito ba. Kuma sauye-sauyen da aka sani na mink da barewa ba su ne suka cika jikin Omikron ba.

Abu guda nake roƙo: kada wannan bayani ya zama dalilin ƙyamar masu HIV. Matar da na ambata, da aka sauya mata magani HIV ɗin ta lafa, jikinta ya kawar da korona. Maganin matsalar shi ne a kai musu magani da allura a kan lokaci.

Dakta Bashir:
Hujjar wuraren kamun garkuwa tana da nauyi, na yarda. Amma har yau ba a nuna majinyacin da Omikron ya fito daga jikinsa ba, kamar yadda ba a nuna dabbar ba. Kuma rassan Omikron, BA.1, BA.2 da BA.3, kusan tare suka fito, BA.4 da BA.5 suka biyo a farkon 2022 daga yanki ɗaya. Wannan na nuna akwai wani rumbu da ya daɗe yana fitarwa. Ko mutum ne ko dabba, a ci gaba da duba duka biyun.

Isiyaku:
Ra'ayi na uku, cewa Omikron ya yi ta yawo a ɓoye a inda ba a gwaji, shi ne mafi rauni a wurina. Matsakaitan kakanninsa da sun fi na zamaninsu ƙarfi, kuma nau'i mai ƙarfi ba ya zama shekara guda bai hau jirgi ba.

Malama Zulai:
Tunda duk wannan muhawara a kan kundayen da aka karanta ta tsaya, bari in faɗi yadda ake karanta su da inda ake tuntuɓe, don ba kowane sauyi da ka gani a kwamfuta ne ke jikin ƙwayar ba.

Ana fara da samfurin hanci a cikin ruwan adana shi. Ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 bai wuce awa 72 ba, in zai daɗe sai a daskare shi a digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili. Narkewa da sake daskarewa na kakkarya RNA. A zaɓi samfurin da lambar Ct ɗinsa ke ƙasa da 30, wato yawan zagayen da gwajin PCR ya yi kafin ya gano ƙwayar, domin sama da haka ƙwayar ta yi kaɗan, kundin zai fito da giɓi. A ciro RNA, a juya shi ya zama DNA, sannan a ninka shi gutsure-gutsure. Wani tsarin ninkawa da ake kira ARTIC, bugunsa na uku gutsure 98 ne, kowanne kamar haruffa 400, a cikin tulu biyu, domin gutsattsarin maƙwabta suna hawa kan juna, in aka haɗa su wuri ɗaya sai gajeren da ke tsakaninsu ya cinye aikin. Zagaye 25 zuwa 35 ake yi, daƙiƙa 15 a digiri 98, minti 5 a digiri 65. Sai a liƙa wa kowane samfuri lambar shaida, a zuba a na'urar karanta kundi, MinION ko Illumina. Duk gurbin da ba a karanta shi aƙalla sau 20 a MinION ba, a sa masa N, wato ba a sani ba. Daga nan manhajar Pangolin ko Nextclade ta faɗi zuriya, a ɗora a GISAID, rumbun intanet da masana ke tara kundaye.

Matsala ta farko: firaima, wato guntayen da ke kama bakin kowane gutsure, tun farko an ƙera su ne a kan kundin Wuhan. In sabon nau'i ya sauya daidai inda firaima ke zama, gutsuren ba zai fito ba. Delta ya kashe gutsure na 72 a tsari na uku, har kundaye da yawa suka nuna kamar ba shi da G142D alhali yana da shi. Omikron ya kashe na 76 a tsari na huɗu, wanda ya rufe yankin 417 zuwa 446 na ƙaya. Mafi muni, wasu manhajoji kan cike giɓin da harafin Wuhan maimakon N, sai mai nazari ya zaci ƙwayar ta koma yadda take a da.

Ta biyu, gurɓata. Ɗigon DNA da aka ninka jiya ya isa ya cike giɓin samfurin yau. Abin da aka sanar daga Saifurus a Janairun 2022 da sunan Deltakron, wai gaurayen Delta da Omikron, masana da yawa sun nuna alamun gurɓata ne. Shi ya sa dole a raba ɗakin shiri da ɗakin ninkawa, a sa tulun ruwa zalla a kowane zubi, in ruwan ya nuna kundi a zubar da zubin baki ɗaya.

Ta uku, kwanan wata. In aka rubuta ranar karantawa a madadin ranar ɗaukar samfuri, ko aka juya rana da wata, sai bishiya ta nuna nau'i ya wanzu kafin haihuwarsa.

Habibu:
Allah ya saka da alheri Malama. Amma gaurayen nau'i biyu fa, ashe duk ƙarya ne?

Malama Zulai:
A'a, yana faruwa sosai. In nau'i biyu suka shiga tantani ɗaya, mai kwafin kan fara a kan zare ɗaya ya tsallaka ya ƙarasa a kan ɗayan. Bambancinsa da gurɓata: gaurayen gaskiya yana da mahaɗa tsaf a wuri ɗaya, haruffansa ba a cakuɗe suke ba, kuma ɗakunan gwaji daban-daban suna samunsa. XD, gaurayen Delta da BA.1 da aka tabbatar a Faransa da Denmak, haka yake. Duk sunan da ya fara da X a tsarin sanya wa zuriyoyi suna na Pango gauraye ne.

Dakta Rabi:
XBB ne ya nuna ƙarfin wannan hanya. Daga jikokin BA.2 guda biyu ya haɗu a 2022, mahaɗar a tsakiyar ɓangaren da ke riƙe ACE2, ya yi tashe a Indiya da Singafo. Ya iya kauce wa garkuwa amma riƙonsa ya yi rauni saboda F486S. P ne zai gyara riƙon, amma daga F zuwa P a wannan gurbi sai an sauya harafi biyu na kundin gado, abin da ba ya cika faruwa lokaci guda. To S ɗin ya riga ya yi rabin tafiya, harafi ɗaya ya rage. Da ya samu, sai ga XBB.1.5 a arewa maso gabashin Amurka a ƙarshen 2022, mai kauce wa garkuwa kuma mai riƙo da ƙarfi. Wannan na nuna amfanin sauyi ya dogara da waɗanda ya tarar a gabansa.

Hauwa'u:
Malamai, ina bin ku. Ana yawan cewa duk ƙwayar cuta tana laushi da tafiyar lokaci don kada ta kashe mai ɗauke da ita. Omikron bai tabbatar da haka ba?

Isiyaku:
Malama Hauwa'u, wannan magana ba doka ba ce. Korona tana yaɗuwa ne daf da fara alamu da kwanakin farko, mutuwa kuma sai bayan mako biyu ko uku. Lokacin da majinyaci ya shiga mawuyacin hali ƙwayar ta riga ta wuce gaba, don haka mutuwarsa ba ta rage mata komai. Alfa ya fi na gabansa kisa. Delta ya kusa ninka haɗarin kwanciya asibiti a kan Alfa, bisa alƙaluman Ingila da Scotland. A gefe guda, a Singafo a 2020 an samu nau'in da ya zubar da haruffa 382 a wani yankin kundinsa mai suna ORF8, cutarsa ta fi sauƙi, amma ya ɓace.

Omikron ya fi Delta sauƙi a kan kansa, domin ya fi son hanci da maƙogwaro a kan can cikin huhu. Amma babban abin da ya sauya mu ne: ya tarar da duniyar da ta sha allura ta kuma sha kamuwa. A Hong Kong, inda tsofaffi da yawa ba su yi allura ba kuma ba su taɓa kamuwa ba, BA.2 ya yi kisa mai tsanani a Maris na 2022.

Dakta Rabi:
Ga abin da sauye-sauyen suka taɓa a asibiti. Magungunan sinadarin garkuwa guda ɗaya su suka fi shan kashi, domin wuri ɗaya suke kamawa. Amurka ta janye izinin bamlanivimab shi kaɗai a Afrilun 2021, sotrovimab a Afrilun 2022 saboda BA.2, Evusheld a Janairun 2023. Maganin Paxlovid ya ɗore domin wani furotin ƙwayar mai suna nsp5 yake kai wa hari, wanda ba ya sauyawa sosai. Gwajin gaggawa na gida yawanci furotin N da ke cikin ƙwayar yake nema, ba ƙaya ba, shi ya sa ya ci gaba da aiki. Allura kuwa kariyarta daga kamuwa ta ragu, amma tantanin T na garkuwar jiki suna gane gutsattsari da yawa a faɗin ƙayar, mafi yawansu ba su sauya ba, don haka kariya daga cuta mai tsanani ta fi daɗewa. An sabunta ta da BA.4 da BA.5 a 2022, da XBB.1.5 a 2023, da zuriyar JN.1 a 2024.

Habibu:
Tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci ranar 5 ga Mayun 2023 kuma karatun kundaye ya ragu, samfuri nawa ƙasa ke buƙata don kada sabon nau'i ya shige mata ba ta sani ba?

Isiyaku:
Lissafin mai sauƙi ne. In kana son tabbacin kashi 95 cikin 100 na kama nau'in da ke kashi 1 cikin 100 na masu cutar, kana buƙatar samfuri kusan 300. In ɗaya ne cikin dubu, kusan 3,000. Sharaɗin shi ne a tsinto su barkatai daga ko'ina. Samfuri 300 daga asibiti ɗaya na babban birni, ko daga filin jirgi kaɗai, labarin wannan wuri kawai za su ba ka.

Malama Zulai:
Kuma saurin fitarwa ya fi yawa muhimmanci. Kundin da ya fito bayan wata uku tarihi ne. Afirka ta nuna za ta iya: cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, da abokan aikinta, su suka fitar da kundin korona na farko daga nahiyar a Maris na 2020, kuma zuwa 2022 nahiyar ta kai kundi dubu 100. Abin da ke tsayar da aiki yawanci jinkirin isowar sinadarai ne da yankewar sanyi a hanya.

Inda gwajin mutane ya ragu, abu biyu ne suka rage a riƙe. Na farko ruwan magudanar bahaya, wanda samfuri ɗaya ke wakiltar dubban mutane, sai dai cakuɗe yake, don haka rabon sauye-sauye ake karantawa a cikinsa, ba cikakken kundin ƙwaya ɗaya ba. Na biyu, duk mai raunin garkuwa da gwajinsa ya ci gaba da nuna cutar bayan wata guda, a karanta kundinsa a kuma maimaita. BA.2.86 ya bayyana a Denmak da Isra'ila a tsakiyar 2023 da sauyi fiye da 30 a ƙaya in aka gwada da BA.2, daga kundaye 'yan ƙalilan aka gane shi. Watanni ya yi yana tafiya a hankali, sai ya ƙara L455S guda ɗaya ya zama JN.1, wanda zuwa Janairun 2024 shi ne mafi rinjaye a duniya.